Ƙugun Baba da Zaren Ƙasa

Mahaifina tela ne, kuma in kana neman wanda zai rantse maka cewa tela ba ya saɓa alkawari, to kada ka zo wurina. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana taka keke a shago ɗaya mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti, kuma duk layin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Gobe-da-yamma suke ce masa. Ka kai masa yadi yau, zai auna ka, ya rubuta a littafi, ya dube ka da fuskar nan tasa ta mutanen kirki ya ce, "Gobe da yamma ka leƙo." In ka leƙo sai ka tarar da yadinka a ninke inda ka bar shi, almakashi ko shinshina shi bai yi ba. Amma ranar da ka ce masa da sassafe za ka yi tafiya, a ranar zai ɗinka maka rigar da za ka shekara biyar kana sawa ana tambayarka wa ya yi. Shi ya sa mutane ke tafiya suna mita, su kuma dawo da wani yadin.

Ni ce autarsa. Ina koyarwa a wata firamare da ke bayan layinsu, saboda haka kusan kullum in an tashi sai na biya ta shagon, in zauna a kan buhun ƙyallaye ina duba littattafan ɗalibaina. Na san shagon nan fiye da ɗakina. Teburin yanka ne ya cinye rabinsa, dogo, na katako mai kauri, gefensa duk zanen alli. Akwai madubi mai tsaga wanda ke ƙara wa kowa ƙiba, da rediyon da sai an mare shi yake magana, sannan keken, baƙi, na ƙafa, wanda ya girmi babban yayanmu. Kujerar Baba kuwa ba kujera ba ce. Wani ɗan benci ne marar majingina da ya yi ta ɗora wa tsummoki shekara da shekaru har ya zama tudu, gefe ɗaya ya fi ɗaya bisa. A kansa yake wuni a karkace, ƙafar dama tana taka keke, ta hagu a naɗe a ƙarƙashinsa, tef ɗin awo a wuya, fil uku na kama yadi a baki. Da fil ɗin a baki yake gaisawa, da su yake musun ƙwallo, kuma ban taɓa ganin ya haɗiye ko ɗaya ba.

Ciwon ya daɗe yana yi masa sallama, shi ne ya ƙi amsawa. Mun fara lura in zai tashi sai ya dafa keke, ya ɗan jima a sunkuye kafin ya miƙe. In Umma ta tambaya ya ce sanyi ne. In na tambaya ya ce in ji da aikina. Wata Talata alli ya suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, shi ke nan, miƙewa ta gagara. Mai Agogo, maƙwabcinsa kuma abokin gardamarsa na shekara talatin, shi ya kira ni a waya ina tsakiyar darasi. Na tarar da Baba a durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefen tebur, gumi na ɗiga ta haɓarsa.

"Auta, kada ki taɓa ni," ya ce. "Ji nake kamar an zura min zare mai wuta tun daga ƙugu, ya bi ta bayan cinya, ya sauka har diddige."

"Tun yaushe kake jin haka, Baba?"

"Na yau ne dai ya yi tsanani."

"Ba shi na tambaya ba."

"Zai kai shekara."

Mako uku ya yi a kwance a gida. Duk wanda ya zo dubiya da maganinsa a aljihu yake zuwa. An shafa man zafi har ɗakin ya daina shiguwa, an ɗaure shi tam da faffaɗan ɗamara, wani ma ya ce a cire ƙyauren ɗaki a kwantar da shi a kai. Yana ƙara kwanciya, bayan yana ƙara sandarewa. Ga shi Baba a gida masifa ne. Daga kan gado ya auna labulen Umma da ido ya ce gefe ɗaya ya zarce da inci biyu. Ya ce maɓallan rigata ba a layi suke ba. Har mai kawo mana wasiƙa bai tsira ba, ta taga aka sanar da shi cewa wandonsa ya yi masa ɗangale.

A cikin mako na ukun Yaya ya kira. Yaya shi ne babban ɗansa, yana aikin ofis a wani gari mai nisa, kuma mutum ne da in ya yanke magana sai dai a yi haƙuri. Na buɗe muryar wayar na ajiye a kan matashin Baba.

"Baba, aikin nan ya isa haka," in ji Yaya. "Shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Nan da wata uku zan samu hutu in zo. In na tarar jikin bai daidaita ba, zan mayar wa mai shagon makullinsa, a kawo keken gida a rufe shi da zane. Duk abin da kake buƙata mu za mu yi."

Ba mugunta ce ta sa shi ba, na sani, ƙauna ce irin ta manyan 'ya'ya, mai zuwa da umarni. Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, "To," ya juya fuskarsa bango. Wannan "to" ɗin ya ba ni tsoro fiye da duk nishin da ya yi a makonnin nan. A shago Baba mutum ne da ake jira, ake roƙo, ake lallashi. A gida majinyaci ne kawai. Na san in aka karɓe makullin nan, ba bayansa kaɗai ne zai kwanta ba.

Umma ta ja ni tsakar gida. "Yayanku yana can nesa yana yanke hukunci," ta ce. "In aka rufe shagon nan, ni za a kulle da mutumin nan a gida ɗaya, safe da yamma. Nemo mota mu kai shi asibiti tun ban rasa labulena ba."

A asibiti likita ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya ɗaga masa ƙafa, ya yi tambayoyi, sannan ya ce jijiyar da ta taso daga ƙasan baya ta gangara ƙafa ce ake matsewa, kuma bai ga dalilin yin tiyata ba. Ya rubuta maganin rage zafi, ya tura mu sashen gashin ƙashi. Baba ya shiga yana baza ido yana neman babbar na'urar da za ta gasa shi. Abin da ya tarar shi ne siririyar katifa, da ƙwallon roba ƙato a kusurwa, da wata likita da ba ta wuce sa'ata ba.

"Baba, sannu da ƙarfin hali," ta ce. "Kwanta min nan rigingine."

"'Yata, ina injin?"

"Kai ne injin, Baba."

Ta sa shi ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a hankali, ya riƙe, ya saki. Ta sa ya ɗora idon sawun dama a kan gwiwar hagu ya jawo cinyar har ya ji ƙugun na buɗewa. Ta sa ya kafa tafin ƙafafunsa ya ɗan ɗaga ƙugu sama. Ta sa ya yi rarrafe ya gantsare baya, ya kuma ƙudundune shi. Duk wanda ya ƙara masa zafin ƙafa sai ta ce a bar shi tukuna. A ƙarshe ta ba shi takarda mai zanen wani ɗan mutum yana yin abubuwan nan huɗu.

"Kowanne sau goma da safe, sau goma da yamma. Kada ka tura da ƙarfi. In ka ji ƙafar tana mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada ka jira ranar dawowa, a kawo ka nan take. In ba haka ba, sai bayan mako biyu."

Baba ya ƙura wa takardar ido. Na ji daɗi, na ce yau dai magana ta shiga. Ashe ba zanen yake nazari ba. Da muka fito ya raɗa min, "Yarinyar tana da ladabi, amma wanda ya haɗa mata hannun farar rigar nan bai ji tsoron Allah ba."

Da muka isa gida ya ninke takardar gida huɗu ya sa ta a cikin littafin awo. Da na ga haka ya kamata in fahimta, don duk abin da ya shiga littafin nan barci ya tafi yi. Kullum in na dawo daga makaranta sai in ce, "Baba, an yi atisayen?" Ya ce, "Ana shiri." Washegari ya ce jikin bai saki ba. Wata rana ya ce ai sai mutum ya samu natsuwa. Ba ƙarya yake yi da gangan ba. Har cikin ransa ya yi imani cewa aikin da aka ba wa mako biyu, aikin rana ta goma sha uku ne. Haka ya yi wa riguna, haka ya yi wa wanduna, shekara arba'in, kuma bai taɓa jin kunya ba.

A rana ta goma sha uku, bayan an ci abincin rana, ya sa Umma ta janye teburin falo ta shimfiɗa masa bargo. Ya ɗauko fensir ya yi lissafi a bayan takardar: ashirin a rana, kwana goma sha uku, ɗari biyu da sittin kowanne. Ya ce kada kowa ya dame shi, ya tura ƙofa. Umma ta ce da farko tana jin yana ƙirga da ƙarfi, cikin nishaɗi, har da ɗan waƙe-waƙe. Daga baya waƙar ta tsaya. Daga baya ƙirgar ma ta koma nishi.

Da na dawo na same shi shame-shame a kan bargo, rigarsa sharkaf, takardar a kan ƙirjinsa cike da 'yan layukan fensir biyar-biyar.

"Baba, me ka yi wa kanka?"

"Na gwiwa na gama shi kaf," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa amma da alfahari. "Na ɗaga ƙugu ne ya tsaya a ɗari da goma sha ɗaya. In kin ɗan juya ni, zan ƙarasa kafin magariba."

Ban juya shi ba. Ni da Umma da Mai Agogo muka ciccibe shi zuwa gado, kuma washegari a kujerar turawa ya shiga sashen gashi. Likitar ta dube shi, ta dube ni.

"Baba, ba ka yi atisayen ba ne?"

"Na yi, 'yata. Saura kaɗan ma in kammala."

Ya miƙa mata takardar. Ta duba lissafin, ta duba layukan fensir, ta tambaye shi cikin kwana nawa ya yi wannan. Ya ce tsakanin azahar da la'asar. Ta ce mu ba ta minti ɗaya, ta fita. Ta bayan ƙofa muna jin ta tana dariya har da tari. Ni kunya ta kama ni, shi kuwa cewa ya yi, "Kin gani, ta ji daɗi."

Da ta dawo ta fara duba shi sosai, ta tabbatar nama ne kawai ya sha wuya, jijiyar ba ta ƙara lalacewa ba. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin girmanta har yau. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta sa ya ba ta labarin yadda yake wuni a shago, tun daga buɗewa har rufewa. Sannan ta ce, "Baba, jiki ba ya karɓar aikin mako biyu a wuni ɗaya. Kaɗan yake so, amma kullum. Faɗa min, a duk aikinka, mene ne abu ɗaya da ba ya yiwuwa ka ce masa sai gobe?"

Baba ya yi tunani mai tsawo. Na ga yana bin shagon a ransa yana neman abin da bai taɓa ɗage wa lokaci ba, kuma da ƙyar ya samu.

"Zaren ƙasa," ya ce.

Ga wanda bai sani ba, keken ɗinki zare biyu yake ci. Akwai na sama wanda kowa ke gani, akwai na ƙasa, a naɗe a wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ke ɓoye a ƙarƙashin allura. In na ƙasan ya ƙare, allura za ta ci gaba da hawa da sauka, amma ba abin da take haɗawa. Dole tela ya tsaya nan take ya sake shi, ko da wa ke jira.

"Sau nawa yake ƙarewa a wuni?" ta tambaya.

"In aiki ya yi yawa, sau bakwai, sau takwas."

"To shi ne likitanka daga yau. In ka huta kwana huɗu, ka koma shago, rabin wuni tukuna. Duk sanda zaren ƙasa ya ƙare, kafin ka sake shi, ka miƙe tsaye, ka dafa ƙugu ka ɗan lanƙwasa baya sau biyar, ka taka zuwa ƙarshen layinku ka dawo. Na kwance kuma, ba ka buɗe littafin awo da safe sai ka yi su, ba ka sa kwaɗo da yamma sai ka yi su. Kana da inda za ka kwanta?"

"Teburin yanka zai ɗauki mutum biyu."

"Madalla. Benci kuma a jefar da shi, a samo kujera mai majingina. Ƙafa biyu a kan matakin keke."

Abin da ya fi faranta masa rai a duk maganarta shi ne kalmar "ka koma shago". Ko bencin bai yi gardama a kansa ba, sai dai ya hana a jefar, ya ce a ajiye masa a lungu saboda sabo.

Kwanakin farko a ɓoye yake yi. Sai ya sauke ƙofa rabi, ya share teburin, ya hau ya kwanta. Amma layin kasuwa ba ya riƙe sirri. Rana ta uku Mai Agogo ya sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofar ya ga ƙafar abokinsa a sama.

"Malam tela, yau kai ake yankawa?"

"Fita min daga shago."

"Daƙiƙa nawa aka ce ka riƙe?"

"Ashirin."

"To wannan ƙirgar taka ta tela ce, ko sha biyu ba ta kai ba. Tsaya in ɗauko na gaskiya."

Daga ranar Mai Agogo ya naɗa kansa mai tsaron lokaci. Kullum da safe zai shigo da wani tsohon agogon aljihu, ya tsaya a kan Baba yana kallon allurar daƙiƙa da fuskar alƙali. Baba ya ce agogon yana jinkiri, shi ya ce a tarihin shagonsa ba a taɓa yi masa wannan ƙazafin ba. Mai fenti, wanda ɗaukar manyan gwangwanaye ya daɗe da cinye masa baya, ya fara tsayawa a bakin ƙofa yana kwaikwayon na tsayen, wai shi kallo kawai yake yi. Tafiyar ƙarshen layi kuwa ta zama wani abu daban. Da an ga Baba ya fito hannu a ƙugu sai ka ji ana cewa, "Zare ya ƙare." Ya gaisa da mai gyaran takalmi, ya tsokani mai aski, ya dawo da labarin da zai ishe mu har yamma. A shekara arba'in bai san layin nan kamar yadda ya san shi a wata biyu ba.

Umma ma ta sa hannu ta inda ba a zata ba. Ta ce don ta rage masa wahala, ita za ta riƙa naɗa masa zaren ƙasa a gida da ƙaramin kekenta, ta cika masa gwangwani ya tafi da shi. Na yi mamakin wannan tausayi na farat ɗaya, sai da na leƙa gwangwanin na ga kowane ɗaya rabi ta naɗa. Baba ya koma tashi sau goma sha biyar a wuni. Na yi shiru da bakina, ina jiran ranar da asiri zai tonu. Wata yamma yana sake zare sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Uwarki ta ɗauka ban san nauyin zare a hannuna ba."

"Za ka gaya mata ka gane?"

"A'a. Bar ta, tana jin daɗin wayonta." Ya miƙe ya dafa ƙugu yana murmushi.

Sauƙin bai zo a miƙe ba. Zafin ya fara barin diddige ya koma sha-raɓa, daga nan ya hau cinya. Baba ya damu, ya ce ciwon yawo yake yi. Likitar ta ce alama ce mai kyau, yana komawa inda ya fito ne. Sai lokacin komawa makaranta ya zo, iyaye suka yi masa caa da kayan 'yan makaranta, tsohon hali ya motsa. Ya naɗa zarensa da kansa, cikakke, ya zauna awa huɗu bai ɗaga ba, ko da zaren ya ƙare. Washegari ciwon ya sake sauka har gwiwa, ya kwana biyu yana ɗingishi. A wannan karon ba wanda ya yi masa magana. Shi da kansa ya kira iyayen ɗaya bayan ɗaya ya ce riga uku zai iya a wuni, wanda ba zai jira ba ya zo ya ɗauki yadinsa. Ba wanda ya zo ɗauka.

Yaya ya iso ranar wata Asabar da hantsi. Daga tasha shagon ya wuto, jakarsa a hannu, kuma na ga alama tun a hanya ya gama shirya jawabinsa. Ina zaune a kan buhuna. Baba yana kan sabuwar kujerarsa, ƙafa biyu a mataki, yana haɗa wata kwat. Suka gaisa. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

"Baba, na riga na yi magana da mai shagon," ya fara. "Na san Auta ta ce ka samu sauƙi, amma irin wannan ciwon ba a yi masa wasa. Yau ya lafa, gobe ya dawo. Ni ba zan iya zama can hankalina yana nan ba."

Ana cikin haka zaren ƙasa ya ƙare. Baba ya miƙe tsaye cak, bai dafa keke ba, bai dafa tebur ba. Ya yi lanƙwasarsa biyar a natse. Yaya ya ci gaba da magana, amma na lura Baba ba fuskarsa yake kallo ba, ƙafafunsa yake kallo.

"Wa ya taɓa maka wandon nan?" ya katse shi.

"Wando kuma? Babu wanda ya taɓa."

"Ni na ɗinka shi bara. Ƙafafunsa daidai suke, ko rabin inci babu tsakani. Me ya sa ta hagu take jan ƙasa?"

Yaya ya dubi ƙafarsa. Ni ma na duba. Sai a lokacin na ga yadda yake tsaye, ƙugu a karkace, nauyinsa duk a ƙafa ɗaya, hannunsa a jikin ƙofa. 

"Wata nawa?" in ji Baba.

"Bakwai."

"Ya sauka ƙafa?"

"Yana kaiwa gwiwa. In na daɗe a zaune a ofis, ko a mota."

"Ka je asibiti?"

Yaya ya girgiza kai. Baba ya zare fil ɗin bakinsa ya soka su a gefen rigarsa. Ya tattare kwat ɗin, ya kwashe almakashi da alli, ya share teburin yanka da tafin hannu.

"Litinin da safe zan kai ka wurin 'yata likita ta duba ka, ita ce mai ilimin. Ni abu ɗaya kawai zan nuna maka, mafi sauƙi. Cire takalmi ka hau."

"Baba, mutane na wucewa."

"Sun ga wanda ya fi ka. Hau."

Mutum mai shekara arba'in, mai 'ya'ya uku da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya cire takalmi ya hau tebur ya kwanta rigingine. Baba ya ninke wani yadi ya sa masa a ƙarƙashin kai. Ya kama gwiwarsa da hannu biyu ya fara turawa zuwa ƙirji, a hankali ƙwarai, yana kallon fuskarsa. Yaya ya ƙura wa rufin shagon ido.

"Tsoro nake ji, Baba," ya ce, muryarsa ta canza. "Da aka ce min ka kwanta, ni ma a daren ranar ban iya juyi ba. Na ce in kai ka kwanta ni ma na kwanta, wa zai riƙe gidan? Na ga gara in ajiye ka wuri ɗaya, ko ɗaya daga cikinmu ya tsira."

Hawaye ya cika min ido, na sunkuyar da kai kan littattafaina.

"Saki numfashi," in ji Baba. "Kada ka taya ni, bar min ƙafar. Ɗaya. Biyu. Uku."

"Zan kira mai shagon in ce masa mun fasa."

"Yi shiru, kana ɓata min ƙirga. Huɗu. Biyar."

Na bi ƙirgar a zuciyata. Rabon da Baba ya riƙe Yaya haka, ina jin tun kafin a haife ni. Ya kai ashirin, na ɗago ina jira ya sake shi. Bai saki ba. Ya ce ashirin da ɗaya, ya ce ashirin da biyu, hannunsa na kan gwiwar ɗansa, kuma Yaya bai ce masa lokaci ya cika ba.